Kunnenka na Hagu

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi da alayensa.

Daga garin Kiyeshe, zuwa ga Malam Ƙarami, mai sunan mahaifina, wanda yanzu mutane ke kira Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah wannan takarda ta iske ka lafiya, ruwan Geceme ya karɓe ka, Allah ya haɗa ka da maƙwabta na kirki, ya sa ƴaƴan mutane da aka danƙa a hannunka a lekol, makarantar boko, su zama sanadin alherinka duniya da lahira.

Labarin gida babanka zai sa a rubuto maka da boko. Ni na yi tawa da ajami, da hannuna, don kada maganata ta bi ta bakin wani kafin ta iso gare ka. Za ka same ta cikin wani ɗan tulu da na ba kawunka Nomau, tun da zai ci kasuwarku. Ka karanta ta kai kaɗai, kuma ka yi haƙuri da tsawonta. Shekara goma sha takwas nake tara ta.

Ka tuna ranar da ka dawo daga garin Dutsi, kwana uku kafin tafiyarka. Ka je biro, ofishin gwamnati, karɓar takardar aikinka, wani babba ya bar ka tsaye tun hantsi har azahar, sa'an nan ya yi maka magana a gaban mutane kamar bai san ka gama karatu ba. Ba ka ce masa komai ba. Ka iso gida fuskarka a ɗaure, ka ajiye takardar a kan tabarma, ƙanwarka Rabi ta zo da gudu ta yi tuntuɓe da kwalbar tawada. Na ga hannunka ya tashi. Na ga inda ya dosa, gefen kanta, daidai kunne.

Ka san ni ban taɓa faɗin sunanka ba. Kai ne ɗan fari, kuma sunan Malam ne a kanka, kunya biyu ke nan. Amma ranar na kira ka da sunanka na yanka, da ƙarfi, har babanka ya leƙo daga zaure. Ba ka ji ba. Ina tsaye a hagunka. Dole sai da na kama tsintsiyar hannunka, sa'an nan ka juyo kana kallona kamar wanda aka tasa daga barci.

Tun kana ƙarami aka faɗa maka ƙyanda ce ta tafi da jin kunnenka na hagu. Haka babanka ya sani, haka dangi suka sani. Ba haka ba ne, ɗana. Ni ce.

Ga yadda abin ya faru. Kana shekara huɗu, lokacin babban yaƙin Nasara, wato Turawa, aka ɗebi babanka aikin tilas a hanyar mota. Bai yi wata guda da tafiya ba gardawan kumandan, dogaransa masu jar hula, suka shigo gari karɓar hatsi. Ɗayansu ya hau rumbunmu da takalminsa yana jefo damma ƙasa. Na tsaya ina kallo. Na ce masa da yaro a gidan nan, kuma mai gida ba ya nan. Ya yi dariya ya ce in yi godiya da ya bar mini rumbun. Ban ƙara magana ba, har na durƙusa na yi musu sai an jima. Da suka tafi na tsince zangarnun da suka zube, na sussuka, na daka, na samu gari bai cika ƙwarya ba. Ina juya baya ka zo kana jan motar kara da ka yi, ka bangaje ƙwaryar, garin ya kife cikin rairayi.

Mari ɗaya na yi maka. Amma duk abin da na kasa yi wa mai jar hula yana cikin marin nan. Ba ka ma yi kuka nan da nan ba, ka zauna kana dubana kana taɓa kunne. Bayan kwana biyu kunnen ya fara zub da ruwa. Kafin ya warke ƙyanda ta shigo gari ta kama ka tare da sauran yara, da ka tashi aka lura sai an bi ta dama kake amsawa. Tsofaffi suka ce aikin ƙyanda ne, a gode Allah da ta bar idanu. Na ce alhamdulillahi tare da su.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma nasihar da ke cikinsa ita ce wannan. Fushin da babba ya ɗora maka ba ya tsayawa inda aka ɗora shi, gangarowa yake yi yana neman wanda ya fi ka rauni. Kai yanzu kana da manya a samanka, masu zuwa duba aiki da masu sa hannu a takarda, kuma a gabanka akwai yara zaune a ƙasa, ga bulala rataye a bango. An ce mun samu ƴancin kai, mulki ya dawo hannun ƴan ƙasa, na kuwa yi murna. Amma na ga hannunka ranar nan, na san wannan abin bai tafi tare da Nasara ba. Duk ranar da aka ɓata maka rai a sama, ka san cewa ranar ce yaran nan suke cikin haɗari, ko da ba su yi komai ba.

Kuskurena na biyu, na ɗauka in na kulle bakina shi ke nan. Na yi alkawari tsakanina da Allah ba zan ƙara ɗaga hannu ko murya ba, na kuwa cika. Malam ya karantar da mu cewa mai fushi ya nemi tsari, in yana tsaye ya zauna, ya yi alwala. Duk na yi. In raina ya ɓaci sai in ɗauki tasbaha in zauna. Amma bari in faɗa maka gaskiya, bakina yana istigfari, yatsuna suna jan ƙwaya, zuciyata kuwa tana jera laifin mutane ɗaya bayan ɗaya. Na zauna, amma jikina bai zauna ba. Kafaɗuna suka ƙage, wuyana ya sandare, ciwon kai ya zama abokin zamana. Gwaggon babanka ta ce doguwa ce ta raɓe ni, a kira masu goge a yi mini girka. Malam ya ƙi, ya yi mini rubutu na sha. Mutane kuma suna ta yabona, wai ba a taɓa ganin mace mai sanyin hali kamar ɗiyar Malam ba. In na ji haka sai in ji kamar ɓarauniyar da ake yi wa kirari.

Don haka kada ka ruɗu da shirunka. Na san halinka, irin nawa ne, kai ma mai haɗiyewa ne. Shirun da ka yi a biro ba haƙuri ba ne tukuna, ajiya ce ka yi, ka kawo ta gida.

Na uku kuma abin dariya ne, in ba don abin kunya ba. Na lura in na yi daka nakan ɗan samu sauƙi, sai na mai da turmi wurin ramuwa. In na ɗaga taɓarya sai in sa fuskar wanda ya ɓata mini rai cikin turmin. Mai jar hulan nan na daka shi ya fi sau ɗari. Ina gamawa in ji daɗi kaɗan, gobe in tashi fushin ya ƙara ƙarfi, kamar wanda na ba abinci. Ran nan ina cikin haka turmin gawo da na zo da shi gidan aure ya tsage gida biyu.

Ƙarar ce ta sa Inna Gwamma ta leƙo ta kan darni. Ba na jin kana tunawa da ita sosai, tsohuwar nan mai ginin tukwane da ke bayan gidanmu, mai goro a kumatu kullum. Ba ta salla, mutanen gidansu na gargajiya ne, kuma a da gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da ita. Ta dubi turmin, ta dube ni, ta ce, "Ɗiyar Malam, wa kika kashe cikin turmin ga?" Na ce itacen ne ya tsufa. Ta ce to, ita ma ta tsufa, ƙafafunta sun daina taka yumɓu, in ina da ƙarfin fasa gawo in zo gobe da sassafe in taya ta, in daina ɓarnar kayan mutane.

Na tambayi Malam ko ya halatta, don ka san ni da tsoron abin da ban tabbatar ba. Ya ce taimakon maƙwabci ne, kuma da yumɓun aka yi mu duka, in je.

Muka tafi gindin dutse inda ake haƙar yumɓu. Ta sa na haƙa, na cika kwando, na ɗauka, na kai gida, na komo, har sau uku. Sa'an nan aka zuba ruwa da garin katangar tsofaffin tukwane, ta ce in shiga da ƙafa. Na fara takawa da ƙarfi ina cije baki. Ta daka mini tsawa ta ce in fito. A sana'arsu, in ji ta, ba a taka yumɓu da wani a rai, don mai fushi sauri yake yi, yana barin tsakuwa da iska a ciki, in an kai wuta tukunyar ta fashe har ta fasa na kusa da ita. Ta ce in mai da hankalina tafin ƙafata, in riƙa neman tsakuwa, duk wadda na ji in duƙa in cire.

Ɗana, ka gwada neman tsakuwa da tafin ƙafa kana kuma zagin wani a zuci, za ka ga ba su haɗuwa. Na yi ta takawa, yumɓu mai sanyi yana fitowa ta tsakanin yatsuna, gumi yana bin bayana, cinyoyina suna zafi. Can na farga rabon da in tuna mai jar hula tun ina kwando na biyu.

Da muka gama na ce zan koma gida. Ta ce saura rabin aikin. Ta ja ni muka hau dutsen, tana dogara sanda tana tsokanata wai malamai ba su da numfashi sai na karatu. Da muka kai sama ta ce in zauna, kada in yi magana, kada in yi addu'a ma tukuna. In bar numfashina ya dawo da kansa. In ya dawo, in nemo sautin da ya fi kowane nisa da kunnena zai iya kamawa, sa'an nan in riƙa matsowa da sauraro sannu a hankali har in iso jikina.

Ban san yadda zan kwatanta maka abin da na gani ba. A garin nan aka haife ni, amma ban taɓa ganinsa daga sama ba. Ga fadama shimfiɗe kore shar har inda ido ya ƙare, ga gawo da goruba tsaye cikin gonaki, ga gidajenmu ƙanana kamar an kife ƙore. Na nemi rumbunmu da aka yi mini wulaƙanci a kansa, da ƙyar na gane shi. Shirwa tana shawagi a ƙasa da ni, ina ganin bayanta. Na rufe ido na kasa kunne. Da fari ban ji komai ba sai hakina. Can sai na tsinkayi daka daga wani ƙauye da ban ma iya gani, mata biyu suna lugude. Sai kukan jaki. Sai muryar wani manomi yana kiran ɗansa. Na matso, na ji kurciya a cikin kwazazzabo, na ji iska tana shafar ciyawa a gefena. Daga ƙarshe na ji abin da ban taɓa saurara ba tun da aka haife ni, zuciyata tana bugawa, a hankali, a hankali. Ban sa ta ba, ban taɓa gode mata ba, duk shekarun da na yi ina cika ta da wuta ba ta fasa aikinta ba ko sau ɗaya. Tsigar jikina ta tashi. Na ce subhanallahi, kuma ina jin wannan ne karo na farko da na faɗe ta duk jikina yana wurin.

A nan ne kuma na gane girman abin da na yi maka. Duk waɗannan sautuka da Allah ya baza cikin duniya kyauta, ya yi wa kowane bawa ƙofa biyu su shigo, ni na rufe maka ɗaya saboda garin da bai cika ƙwarya ba. Na yi kukan da ban yi ba tun ranar. Na faɗa wa Inna Gwamma komai. Ba ta yi salati ba, ba ta rarrashe ni ba. Ta tofar da goro ta ce, "To, kin faɗa wa dutsi, kin faɗa wa tsohuwa. Saura mai kunnen."

Tun daga ranar wannan ya zama hanyata. In na ji abin ya taso, alamarsa gare ni zafi ne a bayan wuya, sai in ɗauki kwando. In gaji da jiki tukuna, sa'an nan in yi alwala, in zauna, in saurara daga nesa zuwa kusa, sa'an nan in ɗauki tasbaha. Sai na ga abin da Malam ya karantar da mu yana aiki yadda ya faɗa. Ashe karatun lafiya lau yake, ni ce nake kawo masa jikin da ke cikin dambe. Ciwon kai ya tafi, gwaggon babanka ta ce doguwar ta gaji ta sauka don kanta, ban yi mata gardama ba. Har na koyi gini. Ka san tukwanen da suka yi mana yawa a gida, har muna rabawa? Babanka in ya ga na saɓi kwando sai ya ce wa ya taɓa ki yau, to Allah ya sa randa za mu samu. Kada ka zaci na daina fushi. Har yanzu yana zuwa, bara ma na yi randa biyu a kan kawunka Nomau. Sai dai yanzu na san inda zan kai shi.

Kai ba ka da yumɓu, amma kana da jiki, kuma Geceme ba ta rasa aiki. In ka ji naka ya taso, kada ka shiga aji da shi. Ka sa yara su yi karatu, ka ɗauki guga ka cika randunan lekol da hannunka, ko da mutane za su ce ga Mushe yana jan ruwa. Ka karɓi hauya ka taya mai masaukinka noma. Ka bi hanyar gona da sauri har rigarka ta jiƙe. In samari suna kokowa da yamma ka shiga, amma ba da wanda kake jin haushi ba. Sharaɗin ɗaya ne, kada ka sa fuskar kowa cikin aikin. Ka bi igiya a tafin hannunka, ka bi ƙasa a tafin ƙafarka. Kuma kada ka tsaya a gajiya kaɗai, don na ga maza masu noma tun safe har yamma suna dawowa su doki iyalinsu. In gumi ya fito, ka wanke, ka samu inuwa ka fuskanci gabas, ka bar numfashi ya dawo da kansa, ka saurara, sa'an nan ka ambaci Allah. Bayan haka in yaron yana da laifi ka hukunta shi daidai laifinsa. Sau da yawa za ka iske laifin ya ƙanƙance. Amma ko mene ne ya yi, na roƙe ka don Allah, ban da kai, ban da kunne.

Kuskurena na ƙarshe shi ne mafi tsawo. Inna Gwamma ta yi ta tuna mini har ta rasu, ni kuma ina cewa sai ka ƙara girma. Ka girma, na ce sai ka gama lekol. Al'ada ta ba ni wurin ɓuya, don ba wanda ke mamakin uwar da ba ta sakin jiki da ɗan fari. Mutane suna ganin kunya, ni na san tsoro ne. Na ji tsoron ka dube ni yadda ka dube ni kana shekara huɗu. Abin da na iya kawai shi ne in riƙa zama a damanka, in miƙo maka abinci ta dama, in ja hankalin baƙi su zauna ta dama, don kada ka sha wahalar juya kai. Ranar tawada ce kaɗai na kuskure na tsaya a hagu, sai Allah ya nuna mini shiruna ya kusa ya ci kunnen Rabi. Kada ka yi irin nawa. In ka zalunci wani, ko yaro ne ɗan shekara bakwai, ka faɗa masa tun abin yana ɗanye.

Washegarin ranar tawada na tafi gindin dutse tun da safe, ka ma tambayi babanka ina na je. Yumɓun da na taka ranar shi ne na gina tulun nan da ke hannunka. Na sa shi a wuta gabana yana faɗuwa, ya fito lafiya, ko tsaga babu. Ka riƙa shan ruwa a ciki.

Ban ce dole ka yafe mini ba. Haƙƙinka ne, Allah ma ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe. In ka karanta ka ji zafi a bayan wuya, ka san abin da za ka fara yi kafin ka ɗauki alƙalami. Ba na gaggawa. Babanka kuwa zan faɗa masa da bakina kafin takardar nan ta iso ka, don kada in bar maka nauyin ɓoye ta.

In ka zo hutu, zan so mu hau dutsen nan tare in ƙafafuna sun yarda. Zan zauna a damanka in maimaita maka duk wannan da baki, don takarda ba ta isa ba. In ka juyo mini da kunnen, na gode. In ka kau da kai, zan jira wani hutun.

Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya tsare hannunka daga ƴaƴan mutane, ya tsare ƴaƴan mutane daga hannunka. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya dawo mana da kai lafiya. Ya jiƙan Malam. Ita kuma tsohuwar da ta koya mini sauraro, na bar lamarinta ga Ubangijin da ya fi ni sanin bayinsa.

Na kira ka sau ɗaya ba ka ji ba, bari in rubuta inda za ka gani. Abdulƙadiri, ka yafe mini.

Ni ce mahaifiyarka.